Ku Tambaya Mu Amsa: Bashi Ya Yi Mini Katutu, Ta Ina Zan Fara?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan watan kusan duk a kan bashi suke. Mun zaɓi bakwai, mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Lissafin da za ku gani da alƙaluman da suka aiko muka yi shi, don haka kowa ya ɗauki biro ya sa nasa a gurbinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da ke zuwa hannuna bayan haraji da fansho naira 150,000 ne. Banki na cire 48,000 na bashin da na ci na gyara gida, ƙungiyar gama-kai ta ofishinmu na cire 17,000. Manhajojin bashi biyu suna bi na 46,000 da 29,000, mai kantin unguwa yana bi na 35,000. Kafin goma ga wata albashin ya ƙare. Wani abokina ya ce in ci babban bashi guda in sallami kowa in huta. Mene ne shawararku? — Wani ma'aikaci, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da yawa daga masu rubuto mana ba su san jimillar abin da ake bin su ba. Kai ka sani, to aikin ya zo da sauƙi. Sai dai takardar taka da saura. Ka samu littafi, kowane bashi ka ba shi layinsa, ka rubuta abu biyar a gabansa: nawa ya rage, nawa ake biya a wata, nawa ne kuɗin ruwan, wace rana ake biya, da abin da zai faru idan ba a biya ba. Na ƙarshen nan shi ke nuna maka wanda za ka fara da shi. Na banki kada ka yi kintace, ka nemi su buga maka jadawalin biyan, wanda ke nuna uwar kuɗin da ta rage da watannin da suka saura.

Yanzu mu duba abin da ke ƙasa. Ana yanke maka 65,000 daga 150,000, wato kashi 43 cikin ɗari, tun kuɗin bai taɓa hannunka ba. Ma'aunin da aka saba amfani da shi kuwa kashi ɗaya cikin uku ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma da shi ta iyakance abin da wurin aiki zai yanke wa ma'aikatan da ta shafa a wata guda. A albashinka 50,000 ke nan. Ka wuce shi da 15,000, ba a ma zo kan manhajoji da mai kanti ba.

Saura 85,000. Mu ce hatsi da cefane 45,000, kuɗin mota ko man babur 12,000, wuta da ruwa da magani 8,000, kati da data 3,000, tanadin haya da kuɗin makaranta 5,000. An tashi 73,000, kuma duk mai iyali ya san mun matse ƙwarai. Abin da ya rage na biyan bashi 12,000 ne. Ƙananan basukanka uku sun haɗa 110,000, wato sama da wata tara kana biya, alhali tarar manhajojin tana hawa kullum. Mun yi wannan lissafin ne don ka gani da idonka cewa tsuke bakin aljihu kaɗai ba zai fitar da kai ba. Dole a taɓa babban yankan, ko a sayar da wani abu, ko a samu wata hanyar shigar kuɗi.

Ka je bankin da ƙafarka tun ba ka fasa biya ko sau ɗaya ba, domin wanda bai taɓa saɓawa ba ya fi samun kunnen sauraro. Ka rubuta takarda kana neman a tsawaita wa'adin bashin a rage abin da ake cira, ka haɗa da takardar albashi da jerin basukan nan. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan aka sauko da yankan daga 48,000 zuwa 35,000, ka samu 13,000, abin biyan bashi ya koma 25,000. Ka ba mai kanti 5,000 duk wata, manhajoji 20,000. Idan sun yarda sun tsayar da tara, cikin wata huɗu ka gama da su, a wata na biyar ka cike wa mai kanti 15,000 da suka rage. Amma ka sani tsawaita wa'adi yana ƙara jimillar abin da za ka biya banki. Ka tambaye su adadin a rubuce kafin ka sa hannu, kuma da zarar ƙananan sun ƙare ka mayar da 25,000 ɗin kan na bankin don ka rage watannin.

Me ya sa manhajoji a gaba? Su suka fi zafi, su ke haihuwa kullum. Akwai masu cewa a fara da mafi ƙanƙanta don mutum ya ga ya kashe guda ya samu ƙarfin gwiwa, kuma ba laifi idan kuɗin ruwan basukan ya yi kusa da juna. A naka ma an yi dace: ka fara da na 29,000, ka kashe shi cikin wata ɗaya da rabi, ka juya kan ɗayan. Mai kanti kuwa ba ya sa maka ruwa, amma shi ne zai ba ka mudun shinkafa ranar da gida ba komai. Kada ka canja hanya don gudun haɗuwa da shi. Ka same shi ka ce, "Malam, ga 5,000, haka zan riƙa kawowa duk 28 ga wata, kuma daga yau kada ka ba yarana komai sai da kuɗi."

Batun abokinka. Babban bashi yana da amfani ne kawai idan abu uku sun haɗu: jimillar abin da za ka biya ta yi ƙasa da ta yanzu, yankan wata bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ka rufe ƙofar cin sabon bashi. Na ukun ne ke kayar da mutane. Da an biya manhajoji sai su turo saƙo cewa an ƙara maka adadin da za ka iya ci, bayan wata uku sai ga mutum da babban bashi ga ƙananan sun dawo. An sayar da kare an sayi biri.

Idan ma za ka ci, ka tambayi yadda ake lissafa ruwan. Wasu a kan dukan kuɗin suke sa shi daga farko har ƙarshe, wasu a kan abin da ya rage. Ɗauki 500,000 a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata, na shekara guda. A tsari na farko ruwan 20,000 ne kowane wata, 240,000 a shekara, kana biyan kusan 61,700 a wata. A na biyu kusan 53,300 za ka riƙa biya, ruwan duka kusan 139,000. Duka biyun "kashi huɗu" za a ce maka, amma tsakaninsu akwai naira dubu ɗari. Ka kuma tambayi kuɗin gudanarwa da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin ya shigo, da ko akwai tara idan ka biya kafin lokaci.

Ba mu manta da hukuncin riba, wato kuɗin ruwa, ba. Haramcinta ƙarin dalili ne na gaggawar fita, amma wanda ya riga ya faɗa rijiya igiya yake nema. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019 da Lotus a 2021, galibi kaya suke saya su sayar maka da riba sananniya ka biya kaɗan-kaɗan, ba tsabar kuɗi suke bayarwa ka je ka biya wani bashin ba. Don haka su na gaba ne, ranar da za ka buƙaci siminti ko babur. Na yau, idan akwai fili ko dabba ko babbar waya da za ka iya rabuwa da ita ka kashe 75,000 na manhajojin nan a rana ɗaya, mu da ita za mu fara.

TAMBAYA: Na ci bashin 20,000 a wata manhaja, 17,000 suka turo mini, aka ce in biya 23,000 bayan kwana 14. Ban samu biya ba, yau wata biyu sun ce 41,000 ne. Sun tura wa mutanen da ke wayata saƙo cewa ni ɓarauniya ce, har da matar yayana. Sun ce za su turo 'yan sanda. Maigidana bai sani ba. Ku taimaka mini. — Wata uwargida, Kaduna

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Abu biyu ne a nan, kada ki bari su cakuɗa miki su. Bashi kin ci, za ki biya. Tozarci kuwa ba su da hurumin yi miki shi.

Dubi tsadar abin tukuna: 6,000 a kan 17,000 kashi 35 ne cikin ɗari a mako biyu kacal. Shi ya sa ba a cin na wata manhaja a biya wata.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton duk saƙonnin da suka turo miki, ki roƙi matar yayanki da wasu mutum biyu su turo miki hoton nasu, lambar da ta aiko da ranar suna fitowa. Ki adana shaidar shigowar 17,000 ɗin da duk abin da kika taɓa biya. Sannan ki shiga saitin waya, wurin manhajoji, ki janye izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. Abin da suka riga suka kwafa ya tafi, amma kin toshe gaba. Goge manhajar ba ya goge bashin. Idan kin ba su lambar katin cirar kuɗinki, ki je banki a rufe shi a ba ki sabo, don biyan ya zama ta hannunki, kada su riƙa zarar abin da suka ga dama.

Ki rubuta musu ta imel ɗin kamfanin, ba ta bakin yaron da ke zagin ki a waya ba. Ki ce kin amince da 23,000 na asali, ga yadda za ki biya, misali 6,000 duk mako, kina neman a yafe tarar, kuma a daina tuntuɓar mutanenki. Sau da yawa sukan sauko, domin karɓar uwar kuɗi ta fi musu asara. Kada ki tura ko sisi asusun wani mutum, sai asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin. Ranar da kika gama ki nemi shaidar kammalawa a rubuce.

Ƙorafi kuma wuri biyu za ki kai. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta intanet yin rajista, tana kuma wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Ki duba ko sunansu na ciki. Na biyu hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, wadda dokar 2023 ta kafa, domin amfani da lambobin wayarki a ci miki mutunci keta wannan dokar ne. Kamfanin Google ma tun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa a Najeriya shiga lambobi da hotunan mutane, shi ya sa miyagun ciki suke turo manhajarsu ta saƙo su ce a sauke kai tsaye. Duk wadda ta zo ta wannan hanyar a guje ta.

Barazanar 'yan sanda ba ta da tushe, dalilin yana cikin amsa ta ƙarshe. Idan sun turo wata takarda suka ce sammaci ne, na gaskiya yana ɗauke da sunan kotu da lambar ƙara, kina iya zuwa kotun ki tambaya.

Maigida kuwa ki gaya masa da bakinki a daren yau. Lambarsa tana cikin wayarki, zai ji ko ba daɗe ko ba jima, kuma gara ya ji daga gare ki da ya ji daga saƙon da ke kiran matarsa ɓarauniya. Duk ƙarfin waɗannan mutanen a kan kunyarki yake.

TAMBAYA: Banki ya hana ni bashi, wai sunana yana cikin baƙin littafi. Na ga wani a Facebook yana cewa shi mai ba da shawara ne kan bashi, idan na ba shi 30,000 zai goge sunana. In ba shi? Kuma wai mene ne aikin mai ba da shawarar bashi? — Wani ɗan kasuwa, Kano

AMSA: Kada ka ba shi, Alhaji. Abin da ake kira baƙin littafi rahoto ne da kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki suke ajiyewa: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna da sauran masu ba da bashi su ke tura musu bayanin wanda ya ci, nawa ya ci, da yadda yake biya. Idan abin da aka rubuta gaskiya ne, ba mai goge shi da kuɗi. Idan kuskure ne, gyaransa haƙƙinka ne. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba.

Ka nemi rahoton daga duka ukun da lambar BVN ɗinka, domin wani mai ba da bashin ɗaya ko biyu kawai yake tura wa. Abubuwan da aka fi tararwa: bashin da aka biya amma bankin bai sabunta ba, ɗan ragowar caji a tsohon asusun da aka yi watsi da shi ya taru ya zama bashi, bashin wani da ka tsaya wa ya gudu, ko wanda aka ci da sunanka ba ka sani ba. Idan ka biya ne, ka karɓi takardar shaidar ba a bin ka komai daga bankin, ka rubuta musu su gyara, ka aika kwafi ga kamfanin rahoton. Idan banki ya yi biris bayan wa'adin da aka ɗibar masa, wanda a yawancin ƙorafe-ƙorafe mako biyu ne, sai ka kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki tare da shaidar ka fara kai musu.

Aikin mai ba da shawarar bashi na gaskiya kuwa ya fi kafuwa a ƙasashen waje. A Amurka akwai gamayyar ƙungiyoyin sa-kai, NFCC, tun 1951. Mutum zai zauna da jami'i su baje kuɗin shigarsa da na fitarsa da duk basukansa, su tsara kasafi. Idan abin ya yi yawa sai ƙungiyar ta nemi masu bin bashin su rage ruwa, mutum ya riƙa biyan kuɗi guda duk wata ita kuma ta rarraba, galibi shekara uku zuwa biyar, a rufe katunan bashinsa a tsawon lokacin. Babu wanda ke goge masa bashi, biya yake yi har ƙarshe.

Irin wannan tsarin bai yi ƙarfi a Najeriya ba tukuna, amma aikin ana iya yin sa. Ka nemi mutum mai ilimin lissafin kuɗi kuma mai riƙe sirri: akanta, ko tsohon ma'aikacin banki, ko ma'ajin ƙungiyar kasuwarku. Ka je masa da bayanan asusunka na wata shida, da duk takardun bashi, da littafin kashe kuɗinka na wata guda. Sharaɗi ɗaya ne: ka faɗi duka. Bashin da aka ɓoye don kunya shi ke rusa tsarin a wata na biyu. Ku sa ranar da za ku riƙa haɗuwa duk wata a duba ko ana kan hanya.

Na bogi ana gane shi da alama huɗu: yana neman kuɗi kafin ya yi komai, yana alkawarin gogewa, yana cewa ka daina magana da masu bin ka, ko kuma ƙarshen shawararsa ita ce ka ci bashi a wurinsa. Wanda ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa waya kuwa ɓarawo ne kai tsaye.

Wani abu da ake mantawa: wanda bashi ya danne, ba ta hanyar saɓo ya ci shi ba, yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta Zakka da Waƙafi, ban da attajiran unguwa da ke fitarwa duk shekara. Wanda ya cancanta ya nema, ba roƙo ba ne.

TAMBAYA: Idan na mayar da kuɗina wani bankin, wanda ke bi na zai iya taɓa su? — Wani matashi, Bauchi

AMSA: Zai iya. Tun 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI. Idan ka sa hannu a kansa lokacin cin bashin, kuma yawanci yana cikin takardun da ake sa wa hannu ba a karanta ba, bankin zai iya bin BVN ɗinka ya ciro abin da ka kasa biya daga asusunka na sauran bankuna. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai aka yarda ya ɗauka ta wannan hanyar, ban da tara. Idan ya wuce haka ka yi ƙorafi. Kuma kada ka yarda ka rubuta cak alhali ka san asusun ba komai don a ƙyale ka na ɗan lokaci. Bashi ba laifi ba ne, amma cak na bogi laifi ne a dokar 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu.

TAMBAYA: Ina sayar da atamfa da leshi a gida. Ina zubin adashi uku: 1,000 kullum, 5,000 duk mako, 20,000 duk wata. Ribata a wata ba ta wuce 55,000. Wanda nake sarin kaya a wurinsa a Kantin Kwari yana bi na 180,000, ni kuma ina bin mata 120,000. Ga anko da gudummawa kusan duk mako. Ciniki yana tafiya amma kayan sai raguwa suke. Ina matsalar take? — Wata Hajiya, Zariya

AMSA: Hajiya, matsalar tana cikin wasiƙarki. Zubin kullum 30,000 ne a wata, na mako 20,000, na wata 20,000. Kina zuba 70,000 daga ribar 55,000. Duk wata 15,000 na fita daga jari, kafin a zo kan anko. Jarin kike ci, shi ya sa kayan ke raguwa.

Adashi ba laifi ba ne, amma ki gane matsayinki a kowanne. Wanda kika riga kika kwasa bashi ne a kanki, dole ki zuba har a gama zagaye. Wanda ba ki kwasa ba ajiya ce. Ki yi magana da uwar adashin ko za a samu wadda za ta gaje gurbinki, in ba haka ba ki daure a gama, kada ki sake shiga. Guda ɗaya ya ishe ki, kuma kada ya wuce 20,000 a wata. Kwasar da za ta zo nan gaba kada ta kwana a ɗakinki, ranar da ta zo ta wuce Kantin Kwari. Wanda ke ba ki kaya bashi shi ne jijiyar sana'ar, idan ya rufe miki ƙofa an gama.

Kuɗin da kike bi, ki rubuta suna da adadi da ranar da aka ɗauki kaya. Ki bi su daga 25 ga wata zuwa 5 ga sabon wata, lokacin da albashi ke shiga gidaje, kuma ki karɓi duk abin da aka miƙo, ko 2,000 ne. Daga yanzu doka biyu: rabin kuɗi a hannu kafin turmi ya fita, kuma ba sabon kaya sai an biya tsoho. Za ki rasa wasu masu saye. Yawancinsu dama da jarinki suke ado.

Sai ki raba kuɗi gida biyu. Na sana'a asusunsa daban ko jakarsa daban, ba a taɓa shi don cefane ko kati. Ki yanka wa kanki albashi, mu ce 30,000, sauran ribar ta tafi biyan bashi har ya ƙare. Albashin nan ki kasa shi a ambulan tun farkon wata, kowanne da sunansa, har da na biki. Idan kin sa 8,000 na biki ya ƙare ran 15 ga wata, to ya ƙare. Mun san nauyin abin. Gudummawar biki ita kanta bashi ce a al'adarmu, an kawo miki za ki mayar, sau da yawa har da ƙari. To ki mayar wa waɗanda suka kawo miki, gwargwadon ƙarfinki. Amma ankon ƙawar ƙanwar maƙwabciya ba wanda ya ɗora miki shi. Na 'yan'uwa na jini ki yi, sauran ki sa mai kyau daga akwatinki ki je ki yi Allah sanya alheri. Ke da ke sayar da atamfa kin fi kowa sanin nawa ake ɗorawa a kan turmin anko.

Kafin duk wannan, ki yi kwana 30 kina rubuta duk abin da ya fita daga hannunki, har 200 na awarar yara da 100 na cajin mai POS. Ba manyan abubuwa ke ba mutane mamaki a ƙarshen wata ba, waɗannan ne. Kuma duk abin da ba ci ba ne ba magani ba, idan ranki ya biya, ki ba shi kwana uku kafin ki saya.

TAMBAYA: Ina aiki a Ingila. Katin bashina ya kai fam 3,000, ruwansa kusan kashi 24 a shekara. Ina biyan fam 75 duk wata amma ba ya motsi. Ga 'yan'uwa a gida kullum da buƙata. — Wani ɗan'uwa, Manchesta

AMSA: Ba zai motsa ba. Kashi 24 a shekara kusan kashi 2 ne a wata, wato fam 60 a kan 3,000. Daga 75 ɗinka, 15 kawai ke taɓa uwar kuɗin. A haka za ka yi kusan shekara bakwai, ka biya ruwan da ya haura bashin kansa, ko da ba ka ƙara sayen komai da katin ba. Idan ka mayar da shi fam 150, wata 26 ne, ruwan kusan fam 870. Ka cire katin daga aljihu da cikin waya, ka sa banki ya riƙa tura 150 ɗin washegarin albashi.

Kai kana inda shawara kyauta take. StepChange, da National Debtline, da Citizens Advice duk ba sa karɓar ko kwabo, don haka kada ka biya wani kamfani. Za su fara da basukan da rashin biyansu ya fi haɗari, wato haya, harajin ƙaramar hukuma, wuta da gas, kafin kati. Idan abin ya fi ƙarfinka, tun Mayun 2021 akwai tsari a Ingila da ke tsayar da ruwa da matsin masu bin bashi na kwana 60 yayin da ake shirya maka hanyar biya, kuma ta hannun irin waɗannan masu shawarar ake shigarsa.

Mutanen gida ka yanka musu adadi guda duk wata, iyaye a gaba, ka gaya musu gaskiya cewa kana biyan bashi har zuwa wata kaza. Duk fam ɗin da ka aika daga katin nan da ruwa kake aika shi.

TAMBAYA: Na ranta wa abokina 400,000 shekara guda ke nan, kullum gobe. Ba mu rubuta komai ba. In kai shi wurin 'yan sanda? — Wani malamin makaranta, Katsina

AMSA: A'a, Malam. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani a kan haka yana iya tsintar kansa a kotu ana neman diyya daga gare shi.

Ka fara gano wane iri ne. Idan babu ce ta kama shi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jira shi har ya samu sauƙi. Idan yana da shi yake ja maka rai, hadisi ya kira wannan zalunci. Ko wanne ne, abin da ka rasa shi ne shaida, kuma ana iya samar da ita yanzu. Ka fitar da bayanin asusunka na ranar da ka tura kuɗin. Ka gayyace shi zama gaban mutum biyu da yake jin nauyinsu, ko mai unguwa, ko ofishin Hisba. Kada ka nemi 400,000 a dunƙule, ka tambaye shi nawa zai iya duk wata ba tare da ya je ya ci wani bashin ba. Idan 40,000 ne, wata goma ke nan.

A rubuta a wurin: sunayenku, adadin, cewa ya amsa ana bin sa, nawa zai riƙa biya da wace rana, asusun da zai riƙa turawa, da jinginar da ya ajiye idan akwai. Ku sa hannu ku biyu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Idan ya saɓa sau biyu a jere, ka aika masa takardar neman biya mai wa'adin kwana 14, sannan ka ɗauki yarjejeniyar da bayanin asusun ka shigar da ƙara a kotun shari'a ko ta majistare mafi kusa da inda yake zaune.